Ƙazuwar Umaima

Fakku

Armaya'u,

Bayan sallama, ina fatan kai da Hafiza kuna lafiya. Da hannuna na rubuto, domin wayar nan katsewa take yi, kai kuma ka saba cewa ba ka ji abin da aka faɗa ba.

Kun kawo mini Umaima yaye, na karɓa. Ba ta yi mako ba ta fara susa, ga ƙuraje a tsakanin yatsu da tafin ƙafa. Na kai ta asibiti a Kebbe, Malama Mas'uda ta duba ta ce ƙazuwa ce. An ba mu man shafawa, duk gidan muka shafa, muka maimaita yadda aka ce. Tufafi na tafasa su, tabarmi na shanya. Har yanzu tana susa, amma babu sabon ƙurji. Ku ma ku duba jikinku.

Mahaifiyarka,
Hinde

Tambuwal

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara girma. Hafiza tun da ta ji takardarku ba ta ci abincin kirki ba. Inna, yarinyar nan fes muka kawo ta. Ba ina cewa komai ba ne, amma kun san gidan Fakku da awaki da yaran maƙwabta.

Tunda tana susa, ai magani bai yi ba. Ɗangiwa, abokina mai sayar da shanu, ya ba ni maganin kaska da suke yi wa dabbobi wanka da shi. Ya ce a ɗiga kaɗan a ruwa, wanka ɗaya ya isa. Ga kwalbar nan wurin mai babur. In ba za ku iya ba, zan zo in ɗauke ta.

Ɗanku,
Armaya'u

Fakku

Armaya'u,

Na amsa gaisuwa. Kwalbarka na binne ta a bayan gida inda ko kaza ba za ta tono ba. Jikata ba maraƙi ba ce. Sai Ɗangiwa ya fara yi wa nasa 'ya'yan tukuna.

Ka ce ba kana cewa komai ba ne, alhali ka ce. A gidan nan mai awaki aka raine ka, ban taɓa barinka da ƙazanta ba.

Na koma na tambayi Mas'uda dalilin susar, na sa ta maimaita har na gane. Ƙwaron ƙazuwa yana haƙa rami a fata, ya zuba ƙwai da kashinsa. Ƙaiƙayin daga garkuwar jiki yake, lokacin da ta taso tana yaƙi da shi. Magani ya kashe ƙwaron, amma gawarsa tana nan cikin fata, jiki kuwa ba zai daina faɗa ba sai fatar ta sabe. Wannan yakan ɗauki makonni. Mai gaggawa sai ya zuba guba a kan fatar da ta riga ta ji rauni, ya ƙona yarinya, wataƙila ma ya kai ta kabari.

Ba zan ba ka ita ba. Ka zo in kana so, ƙofa a buɗe take.

Hinde

Fakku

Armaya'u,

Ina fatan ka isa lafiya. Ka tafi da fushi, ko furar da na dama ba ka sha ba. Baffanka ya ce na kunyata ka a gaban mutane da na goya Umaima na zauna a bakin ƙofa. Na ce masa kunya tana warkewa.

Akwai abin da ban faɗa a gabansu ba, don ni na haife ka. Tun da ka sauka daga babur hannunka na hagu yake cikin aljihu, in ka fito da shi sai ka goga wuyansa a jikin wando. Na gani.

Mas'uda ta ce wanda bai taɓa yin ƙazuwa ba yakan yi wata guda ko fiye da ƙwaron a jiki bai sani ba, domin jikin bai gane baƙon ba tukuna. Umaima ba ta yi mako a Fakku ba ta fara susa. Ka yi lissafi da kanka.

Yanzu tana barci lafiya, tuwo ma sai na ƙwace kwano. Ranar da kai da Hafiza kuka shafa magani, kuka tafasa zannuwanku, ni da kaina zan kawo ta. Kafin nan, ko ka turo hakimi ba zan ba da ita ba.

Mahaifiyarka,
Hinde

Tambuwal

Inna,

Allah ya huci zuciyarku. Hafiza ce ta fara, ta ɓoye mini, ni ma na ɓoye mata. Mun shafa man jiya. Har yanzu jiki yana yi mana ƙaiƙayi, za mu jira.

Ku gaida Umaima. Kada ku faɗa wa Baffa.

Ɗanku,
Armaya'u