Harsashin da Kuka Raɗa wa Suna Kuka Yar

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin da ke ƙera harsashin bindigata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kantin kayan farauta da nake zuwa a Gate City Boulevard ya daina sayo harsashinku, kuma lokacin farautar barewa a North Carolina ya matso. Ina da lasisi, ina da bindiga, ba ni da abin ɗura mata.

Ƙorafina uku ne. Na farko, suna. Lokacin da kuka fito da harsashin nan, kun laƙa masa lamba da wasu haruffa masu ƙyalli, mujallun maharba suka ce ya zo ya yi wa tsofaffin harsasai ritaya. Na karanta, na yarda, na sayi bindigar da ba ta cin wani harsashi sai shi. A wurinmu, wanda ya yanka rago ya raɗa wa yaro suna ya ɗauki renonsa ke nan. Ku kuwa kun yi suna, jama'a sun watse, kun koma shirin wata haihuwar.

Na biyu, rikitarwa. Malam Iddrisu, dattijo ɗan Zangon Kumasi da muke sallar Juma'a tare, ya ji ina cigiya, sai ya sayo mini kwali guda kyauta. Lambar farko iri ɗaya ce da tawa, haruffan ƙarshe ne daban. Harsashin bai shiga ba, kuma na gode Allah da bai shiga ba, don da ya shiga, bindigar na iya fashewa a hannuna. Kanti ba ya karɓar harsashin da aka riga aka fita da shi. Har yau na kasa gaya wa dattijon.

Na uku, iyalai da dama a East Greensboro sun saba samun nama daga hannuna duk shekara. Sun fara tambaya. Abokina mai tsohuwar bindiga yana samun nasa harsashin a kowane kanti.

Roƙona biyu ne. Ku faɗi a fili ko kun daina ƙera shi, in san na yi. Kuma ku daina ba harsasai daban-daban lamba ɗaya.

Allah ya yi muku jagora, ya tsare masu amfani da kayanku. Mai kantin ya ce ya ji akwai ragowar kwalaye a wani sito a wata jihar. Bai tabbatar ba tukuna.

Wassalam.

Garba Ɗanladi,
Greensboro