Jan da Aka Gani a Leɓenka

Zuwa ga mahaifina, Malam Haruna Ladan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uba, da roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'imarSa, ina sanar da kai mutanen gida suna lafiya. Idon Inna ya ɗan rage gani, amma bakinta yana nan yadda ka bar shi. Masallaci ya samu lasifika, sai dai wanda ya gaje ka yana haɗiye ƙarshen kalma, tsofaffi kuma ba su daina gunaguni ba.

Ga dalilin wannan wasiƙa. Da na je gida hutun Sallah, ƙanenka Baffa Isa ya sake ba da labarin rasuwarka a rumfar ƙofar gida. Yana cewa ka yi kalmar shahada har leɓenka ya tsage, jini yana bin gemunka. Kowace shekara jinin ƙaruwa yake yi. Inna ta ji daga cikin gida, ta kira ni ta ce ta gaji da jin ana ƙara wa mijinta azaba, in faɗi abin da muka gani. Ni kuwa ba zan iya tsayawa gaban maza in ƙaryata Baffa ba. Shi ya sa na rubuto maka, duk mai karantawa ya ji tare da kai.

Ba ka taɓa son sana'ata ba, Baba, kuma ba ka ɓoye ba. Daga ƙauyenmu na gefen Abu Hujar ka tura ni jami'a a Wad Madani in karanta haɗa magunguna, na dawo ina haɗa wa amare jan baki na ruwa. Ka ce, "Na aike ki koyo magani, kin dawo mani da kwalliya." In baƙi suka tambayi aikina, sai ka ce ina harkar magani, ka yi maza ka koma zancen riɗi da farashin dawa. Abin yana yi mani ciwo, ko da yake ban taɓa gaya maka ba.

Abin da ya kai ni ga aikin, leɓunan matan ƙauyenmu ne a lokacin zafi. Jan bakin kasuwa yana narkewa a jaka, in an shafa kuma ya ƙara busar da leɓe. Man riɗi zalla yana zama a sama yana ƙyalli, ƙasansa a bushe. Ruwa zalla yana tausasawa na ɗan lokaci, ya bushe ya tafi da ɗan damshin da ya tarar. Leɓe yana son su biyun a tare, ruwan ya shiga, man ya tsare shi kada ya fita. Su kuwa ba sa zama wuri ɗaya sai da abin da zai riƙe su.

A gwangwaninka na ƙaro na samu abin. Tun ina ƙarama nake ganin kana jiƙa ƙaro in za ka haɗa tawada, ka ce in babu shi baƙin kwanciya yake yi a ƙasa, rubutu kuma ya goge daga allo. A jami'a an koya mana amfaninsa da sunan da ya fi wannan tsawo, amma gwajina na farko da naka na yi. Ka lura gwangwanin yana raguwa. Ba ka kalle ni ba, ka dai ce wa Inna ɓeran gidan nan ya fara karatu.

Ka sha wucewa ka gan ni a kan aikin, kana yi kamar ba ka gani ba. In niƙa ƙaro ya zama gari, in zuba shi da man riɗi a busasshen turmin tangaran, in kwara ruwa gaba ɗaya, in yi ta juyawa da sauri ta gefe guda har ya yi fari kamar madara ya fara ƙas-ƙas a ƙarƙashin taɓarya. Wannan ƙarar ita ce shaidar ya kama. Daga nan sai a tsinka shi sannu a hankali, a sa gilisarin kaɗan. Na amare, da ruwan zoɓo nake tsinkawa, shi ke ba shi ja.

Sai ciwon ƙoda ya zo. Muka yi ta zirga-zirgar wankin ƙoda a Madani, likitoci suka ce a riƙa auna maka ruwan sha. Mutumin da ya girma a bakin kogi, ana miƙa masa ruwa a ƙaramin kofin shayi. Da ka gaji ka ce a mayar da kai gida, muka mayar da kai a tsakiyar zafi. Leɓunanka suka bushe suka dare, in ka buɗe baki za ka amsa sallama sai su yi jini. A waɗannan kwanakin Baffa ya ga jini na gaske, ban ce bai gani ba.

Wata rana da hantsi ka gaya mana abin da ke damunka. Ka ce, "Ba mutuwa nike tsoro ba. Tsorona guda, lokaci ya zo baki ya ƙi buɗuwa." Kai da ka yi shekaru kana ɗaga kalmar shahada daga kan masallaci har masunta su ji a kogi, kana tsoron kada ta gagare ka ranar da ka fi bukatarta. Daga ranar ba ni da wani tunani sai wannan.

Inna ta gwada auduga da ruwa, kafin ta ajiye kofi leɓen ya bushe. Ta gwada man shanu, ya tayar maka da zuciya. Na haɗa maka nawa fari, ba ja a ciki. Ka juya fuska ga bango ka ce ladan ba zai kwanta da bakin amarya ba. Na zauna na lissafa maka abin da ke ciki, ruwan randarmu, man riɗin gonarka, da ƙaro irin na gwangwaninka. Sai ka ce, "Tayyib, shi ke nan. Tawada ce da ba baƙi." Ka yarda, da sharaɗin sai baƙi sun fita. Cikin 'yan kwanaki tsagar ta rufe, ka koma amsa gaisuwa, har kana gyara wa masu duba ka karatu.

Da yake kana lasa, ban sa masa maganin hana lalacewa ba. Kaɗan-kaɗan nake haɗawa, in naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma in ajiye a gindin randa. Ranarka ta ƙarshe bayan azahar na ɗauko na tarar zafi ya raba shi, mai ya taso sama, wari ya sauya. Garin ƙaro ya ƙare, sai dunƙule, kafin in daka in tankaɗe la'asar ta yi. Numfashinka kuwa ya riga ya canza. Leɓunanka sun manne, muna ganin harshenka yana motsi a bayansu, idonka a kaina. Inna tana ɗiga ruwa yana gangarewa ta gefe.

A jakata akwai kwalba ɗaya da na haɗa wa wata amarya a maƙwabta, ja wur. Ban ɓoye maka ba, Baba. Na ɗaga ta inda za ka gani na ce wannan kaɗai ya rage. Ka dube ta, ka dube ni, ka ɗaga yatsa ka nuna bakinka.

Na shafa cikin gaggawa har ya zuba a gemunka. Muka jira. Leɓunan suka saki a hankali, ba inda ya tsage. Abin da ka fara cewa shi ne, "Inda za ni, an san ni ba amarya ba ne." Inna ta yi dariya hawaye na zuba. Sannan ka yi kalmar shahada cikakkiya, kowane harafi a wurinsa, ba ka haɗiye ƙarshenta ba. Ka sake maimaitawa a hankali. Kafin a kira la'asar ka cika.

A lokacin Baffa ya shigo. Ya ga ja a leɓenka da gemunka, ya fashe da kuka yana cewa ɗan'uwansa ya yi shahada da jini. Na buɗe baki, Inna ta damƙe mani hannu. Ba ranar gyara magana ba ce, mun kuma ji nauyin a ce ladan ya tafi da jan baki. Yanzu ita da kanta ta ce nauyin ya isa haka.

To, ga shi na faɗa. Ba jini ba ne, ruwan zoɓo ne da man riɗi da ƙaro. Ka tafi leɓenka da laushi, ka yi wa matarka raha, ka faɗi abin da kake tsoron kada ya gagare ka. Na fi son jikokinka su san wannan, ko da za a yi murmushi a rumfa.

Har yanzu ina haɗa su biyun. Amare suna karɓar ja, masu jinya a asibiti suna aikowa a ba su fari. In an tambayi aikina, amsarka nake bayarwa, ina harkar magani, kuma ba na sauya zance.

Ina kewarka, Babana. Kullum turmi ya fara ƙas-ƙas sai in ɗaga kai, ko za ka wuce kana yi kamar ba ka gani ba. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya karɓi kalmar da ka cika da ita. Allah Ya shayar da kai daga Alkausara har ka ƙoshi, ba tare da an auna maka ba. Amin.

Ɗiyarka,
Rakiya
Wad Madani