Katakon da Suka Rataya wa Inna Ƙarama

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya sa albarka a guminka, Ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan kalau muke. Inna na fama da gwiwarta, maganin ma sai an lallaɓe ta kamar yarinya take sha. Maigidana ya tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da shi har ya koma aiki, yaran kuma suna nan suna cinye mana kwano kamar gara.

Auta, ba gaisuwa ce ta sa na ture ɗinkin mutane na ɗauki biro ba. Raina a ɓace yake, kuma rabin ɓacin ran nan kai ka jawo shi. Ka tuna yadda ka kawo mana ɗiyarka bayan rasuwar uwarta, Allah Ya ji ƙanta. Yarinyar nan da muke kira Inna Ƙarama saboda sunan Inna da ta ci, ta zo ne da harshen uwarta kaɗai a baki. Hausarta tsinta-tsinta ce, harshen makaranta kuwa ko kalma ɗaya ba ta sani ba. A gida sai ta wuni a gindin keken ɗinkina tana tattara ƙyallaye, a makaranta har yara sun fara kiranta bebiya.

Allah ne Ya haɗa ta da malamar ajinsu. Na sha leƙa ajin nan in na kai wa yarinyar abin kari, kuma wallahi ni da an ba ni shi da tuni na gudu. Ga masu jin Hausa, ga waɗanda harshen gidansu dabam, ga wani dogo da aka sa makaranta a makare gwiwarsa ba ta shiga benci, ga wata da kunnenta ɗaya ba ya ji. Wasu sun iya karatu, wasu ko riƙe fensir ba su iya ba. Amma matar nan ba ta ware kowa. Murafun kwalba ta tara ta rubuta baƙaƙe a kansu, yara su yi ta jera su a ƙasa suna haɗa kalma. Takan ɗaga cokali ko takalmi ta tambayi kowane yaro yadda ake kiransa a gidansu, ta rubuta duka a allo, sannan ta rubuta na makaranta a gefe. Ranar da aka ga kalmar harshen uwar Inna Ƙarama a allo, yarinyar nan da gudu ta shigo gida, ta cika mu da surutu har Inna ta ce ashe rediyo ka kawo mana ba mu sani ba. Da aka kawo wata baƙuwar yarinya, ɗiyar wani magini, wadda ba ta jin komai sai harshen marigayiya, malama ta zaunar da ita kusa da ɗiyarka don ta riƙa yi mata bayani. Ka ga bebiya ta zama tafinta.

Ana haka aka kawo sabon shugaban makaranta, mai ƙaton agogo da ƙaramin tunani. Shi ne ya zo da katako. Guntun katako ne aka huda aka zura igiya, aka yi rubutu a kansa. Duk yaron da aka ji yana magana da harshen gidansu sai a rataya masa a wuya, kuma ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani ya kai ƙara. Wanda aka tashi daga makaranta da katakon a wuyansa shi ke share banɗaki, ya tafi da shi gida, ya dawo da shi da safe. Wato an mai da yara masu laɓe wa juna. Ɗiyarka aka kama tana gaya wa baƙuwar nan inda za ta fara rubutu a shafi. Hanyar da za ta sauke katakon ɗaya ce, ta kai ƙarar yarinyar maginin, don ita kaɗai ke yi mata magana da harshen. Ta ƙi. Ta yi ta ɗaukarsa tana ɓoyewa a cikin riga, ni kuwa ina ganin ta koma shiru na ɗauka kewar uwa ce ta motsa.

Sai ranar da na kira ta zan gwada mata sabuwar rigar makaranta na ji abu mai tauri a ƙirjinta. Na ciro shi ina juyawa, sai ta karɓa, ta ɗora yatsa a kan baƙin farko kamar yadda malama ta koya musu, ta yi ta haɗawa a hankali har ta kai ƙarshe. Ta ɗago tana murmushi, don ba ta taɓa karanta jimla ita kaɗai ba sai ranar. Sannan ta tambaye ni me hakan ke nufi. Auta, abin da aka rubuta shi ne wai ni jaki ne, ban iya maganar mutane ba. Jimlar farko ke nan da ɗiyarka ta karanta a duniya. Sai na ce ta je ta ɗebo mini ruwa.

Washegari na yafa mayafi na tafi ofishin shugaban makarantar. Na tarar da malama a tsaye yana mata faɗa, ashe takan cire katakon ta jefa a aljihun tebur muddin tana aji, shi ne yake barazanar ɗauke ta daga ajin. A gabana ta gaya masa ita baƙaƙe za ta iya koyarwa, amma ba ta san yadda ake koya wa yaron da ke tsoron buɗe baki karatu ba. Ni kuma na zazzage masa abin da ke cikina. Ya bari na gama, ya gyara zama, ya ce ni goggo ce kawai, uban yarinya da kansa ya bugo masa waya ya ce a matsa mata ta bar yaren nan don shi ke hana ta karatu. Ban taɓa jin kunya da takaici irin na ranar ba.

To ashe kai ne. Kai da ka rubuto mana kana kukan yadda mutanen can ke dariyar maganarka a wurin aiki, har ka ce wani lokaci kakan shige ɗaki ka yi Hausa kai kaɗai don ka ji sanyi. Wa ya rataya maka katako? Na san tsoron kada ta zama koma-baya ne ya sa ka, amma da ka tambaye ni da na gaya maka da harshen nan ta shiga karatun. Abin da nake so ka yi ɗaya ne. Ka bugo wa mutumin nan ka janye maganarka, ka ce a bar ɗiyarka a hannun malamarta. Maganata ba ta da nauyi a wurinsa, taka ce ke da shi. In ka yi sanya, za a ɗauke malama, yarinyar nan kuma za ta koma gindin kekena ta rufe baki. Katakon kuwa ban mayar ba, ba kuma zan mayar ba. Yana cikin ƙunshin da na aiko maka tare da takardar nan.

Inna na gaishe ka, ta ce ka ji tsoron Allah ka kuma riƙa cin abinci. Maigidana da yara suna gaisuwa, haka Kawu da Goggo Babba. Ka gaida mai gidan da kake haya da abokin nan naka direba. A ƙasan takardar za ka ga layi ɗaya a karkace, Inna Ƙarama ce ta rubuta maka da hannunta, da harshen uwarta. Ni ban san abin da ta ce ba. Kai za ka iya karantawa, ai da harshen ka nemi uwarta aure.

Wassalam. Ni ce yayarka, da ba ta huce ba tukuna.