Amsar da Muƙamuƙina Ya Riƙe

Ya sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan ranar karatu ta ƙwalle, Dogona mai murya kamar saukar ruwan farko,

Da biro na zo maka yau, don likita ta ba bakina hutu.

Ka tuna ranar Laraba a bencin bayan laburare? Ka gyara murya, kana wasa da igiyar jakarka, ka ce idan mun gama jarrabawa kana so iyayenka su je su ga nawa. Na buɗe baki zan amsa, sai na ji ƙas a gindin kunne, muƙamuƙina ya ƙage. Baki ya ƙi rufuwa, hawaye ya zubo, kunya ta sa na dafe kunci na ruga. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta ce tun ranar kake yawo kamar zakaran da ruwa ya yi wa duka, wai ka ɗauka maganarka na gudar wa. Haba, masoyi! Yaushe busasshiyar ƙasa ta taɓa gudun hadari? Amsata e ce. E da safe, e da yamma, e har tsuntsaye su gaji da ji.

Likitar haƙori ta mayar min da muƙamuƙin wurinsa, sannan ta tambaye ni me ke damuna. Ta ce da jarrabawa ta matso, ɗalibai irina ke cika mata benci. Ashe ina karatu ina dantse haƙora, ina barci ina cizonsu. Ƙawata ta ce ita duk zatonta ɓera ne ke cin katakon gado. Ka san kwas ɗin lissafin da ya kayar da ni bara. Ga Baba yana ta gaya wa abokansa 'yarsa bana za ta gama. Duk lokacin da na tuna fuskarsa, sai in ji bakina ya ɗaure. Na ɓoye maka tsoron nan, shi kuma ya nemi wurin zama a kuncina.

Yanzu sai tawul mai ɗumi, abinci mai laushi, da wata roba da nake kwana da ita a baki don ta tare cizon haƙoran. Ko hamma sai na tallafe haɓa. Amma kewarka, wace roba ce za ta tare ta?

Ka zo gobe da littafin lissafinka, ka zauna kusa da ni, in daina tsoron nan ni kaɗai. Roƙona ɗaya, don Allah kada ka kwaikwayi tafiyar malaminmu. An hana ni ƙyalƙyala dariya, kai kuwa ba ka da tausayi.

Ko na ci ko na faɗi, taka ce ni, har mu tsufa tare, har ranar da ba sauran haƙorin da zan ciza.

Mai ƙaunarka, da ɗan ƙaramin murmushin da aka yarje mata.