Malamin Bayoloji Ya Ƙi Sa wa Tessa Hannu

Anti Lorraine,

Ki taimake ni kafin Litinin, don idan na kai Litinin a haka, zan shiga ofishin makarantar nan in faɗi maganar da za ta sa 'yata ta riƙa tafiya kai a sunkuye har ta gama sakandare.

Sunanta Tessa, shekararta goma sha biyar, tana aji tara. Kin san halin Fabrairu, watan raba takardar zaɓen darussan baɗi. A aji goma ake fara barin yara su ɗauki darussan AP, karatun jami'a tun suna sakandare, wanda idan yaro ya ci jarrabawarsa a watan Mayu jami'a kan ɗauke masa darasin. A makarantarmu ba a shiga sai malamin bana ya sa hannu a wani ɗan gurbi. Tessa ta ci A a bayoloji zango biyu a jere. Takarda ta dawo gida, gurbin bayoloji na AP fayau. Mista Dombrowski, malamin bayolojinta, bai sa hannu ba. A gefe ya rubuta da fensir, ƙanana ƙanana kamar mai jin kunya: "Mu yi magana." Kuma kwana tara takardar ta yi a ƙasan jakar yarinyar kafin in tono ta da kaina, duk ta yamutse.

Ni ba sakarya ba ce. Shekara ashirin da biyu ina aiki a laburaren garinmu, kuma na karanta littafin dokokin makarantar nan, shafi casa'in da huɗu, har da ƙananan rubutun ƙasa da aka yi don kada kowa ya karanta. Cin A a darasin yau da kullum maki huɗu ne. Cin A a darasin AP maki biyar ne. Da waɗannan makin ake jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, kuma jerin yana bin yaro har ƙofar jami'a. Ajin bayoloji na AP guda ɗaya ne tak, kujeru ashirin da huɗu. To sai na tambayi kaina, idan Tessa ba ta zauna ba, wa ya ci riba?

Maƙwabciyata Rhonda Pruitt. 'Yarta Kelsey da Tessa tun suna ajin raino suke rige-rige, yau wannan ce gaba, gobe waccan. Makon jiya ni da Rhonda muna sayar da tsiran alade da gugguru a rumfar iyaye wajen wasan ƙwallon kwando, sai ta dafa ni ta ce, "Haba ƙawata, ki bar yarinya ta sha iska mana, aji goma fa, ba tseren doki ba ne." Ta faɗa tana murmushi, tana zuba wa wani miya a burodi. Washegari na ji Kelsey AP uku ta cike. Uku! Iskar ta 'ya'yan wasu ce ke nan. Kuma mijin Rhonda da Mista Dombrowski cocinsu ɗaya, duk Laraba tare suke soya kifin taron maza. Ranar Lahadi sai ga Rhonda a ƙofata da kek ɗin ayaba, babu biki babu rasuwa. Ban ci ba. Mijina Glenn ya cinye rabi a tsaye, yana cewa in huce. Glenn mutum ne da idan gida ya kama da wuta zai fara neman silifas ɗinsa.

Na je na sami malamin. Na tafi da sakamakonta a jere cikin fayil. Ya ce Tessa tana cikin yara uku mafi ƙwazo da ya koyar bana. Na ce to ga biro. Ya kalli biron, ya ƙi karɓa, ya ce, "Misis, kun zauna ke da Tessa kun duba jadawalin tare?" Ki ji fa! Ni zai koya wa zama da 'yata? Na ce masa jadawali na haddace shi. Na san bayoloji na AP a darasi na huɗu yake, daidai lokacin badujalar makaranta da Tessa take busa ƙaho a ciki, kuma wannan ba matsala ba ce, tuni na ja layi da biro na soke badujalar. Maki huɗu ce, ko ta ci A ƙasa take jan ta, kuma ƙaho bai taɓa mai da kowa likita ba. Sai ya ce shi dai ba zai sa hannu yanzu ba. Dalili? Wai ba shi ya kamata ya faɗa ba. Mai gaskiya yana ɓoye dalili ne?

Zan gaya miki abin da ya sa jinina yake tafasa. Ina 'yar shekara goma sha shida, a garin da ubana yake aikin masana'antar ƙarfe, na nemi shiga ajin kimiyya na manya. Malamar da ke ba ɗalibai shawara ta duba adireshinmu, ba sakamakona ba, ta ce 'yan matan unguwarmu sun fi jin daɗin ajin buga tafireta. Uwata ta yi mata godiya. Godiya! Na yi shekara ashirin da biyu ina miƙa wa 'ya'yan mutane littattafan likitanci ta saman teburin laburare. Na rantse ba za a yi wa tawa murmushi a rufe mata ƙofa ina tsaye ba.

Tessa kuwa, duk abin da na tambaye ta sai ta ce, "Duk yadda kika gani, Mama." Ta daina yin atisayen ƙahonta a gareji ma. Na tabbata sun karya mata gwiwa ne.

A shafi na sittin da ɗaya na gano akwai wata takarda da uwa za ta sa wa hannu ta tsallake malami, a saka yaro dole. Na karɓo, tana kan firij. Litinin ake rufe karɓa. In sa hannu kawai, ko in haɗa da ƙara wajen shugaban makaranta a binciki zumuncin soya kifin nan?

Uwar da Ba Ta Yarda Ba,
Ohio

*

'Yar'uwa,

Ajiye biron tukuna. Takardar firij ba za ta gudu ba kafin Litinin.

Zan fara da inda kike da gaskiya. Abin da aka yi miki kina yarinya zalunci ne, kuma har yau ana yin irinsa, cikin ladabi da murmushi kamar yadda kika ce. Uwar da ta karanta shafi casa'in da huɗu saboda 'yarta ba abin dariya ba ce. Rhonda ma ban wanke ta ba. Mai ba ki shawarar da ba ta bi a gidanta ba, ki karɓi kek ɗinta ki bar mata shawararta.

Amma na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ga abin da na gani. Mai son ya danne yarinya ba ya cewa tana cikin uku mafi ƙwazo, ba ya kuma rubuta "mu yi magana." Cewa yake ba ta kai ba, ya rufe fayil. Wannan malamin ya yi kama da wanda aka ba amana, yana ta nuna miki ƙofar da za ki ƙwanƙwasa, ke kuma kina can kina leƙen tagar coci. Takardar da ta kwana tara a ƙasan jaka, ba Rhonda ta ɓoye ta ba. Kuma ki tuna da kyau, yaushe ƙahon ya yi shiru a gareji, kafin ki ja layin nan ko bayan kin ja? Ba ni da tabbas, ban san Tessa ba. Amma zatona shi ne ita ta je ta roƙi malaminta kada ya sa hannu, don ta san idan ta ce miki tana son badujala, za ki amsa mata da lissafin maki huɗu da biyar, kuma ba za ta iya kayar da ke a muhawara ba. Wa zai iya?

Ga abin yi. Gobe ki je ofis ki karɓo sabuwar takarda, wadda babu layin kowa a kai. Ki ɗauki Tessa a mota ku fita ku biyu, ban da Glenn, ban da fayil. Ki ba ta labarin ajin tafireta, don ina zargin ba ta taɓa jin sa yadda kika ba ni ba. Sannan ki tambaye ta abin da take so a darasi na huɗu, ki yi shiru har ta gama, ko da shirun zai ciza ki.

Idan ta ce bayoloji take so kuma an hana ta, ki sa hannu a takardar firij a daren, ki nemi dalilin malamin a rubuce, ni ma ina bayanki. Idan ta ce ƙaho, ba a rufe komai ba. Ku tambaya ko akwai wani AP da bai haɗu da badujala ba, kamar tarihin duniya, bayoloji kuma yana nan a aji sha ɗaya. Jami'o'i shekara huɗu suke dubawa, ba darasi ɗaya na aji goma ba. Mataki biyu ko uku a jerin ɗalibai ana iya dawo da su. Yarinyar da ta koyi cewa sai ta bi ta bayan uwarta kafin a ji ta, wannan ya fi wuyar gyara.

Malamar nan ta dā ta duba adireshi ta yanke miki hukunci ba tare da ta tambaye ki ba. Ke kin duba maki. Bambancin shi ne ke kina son yarinyar, kuma har yanzu kina da kwana uku.

Allah ya huci zuciyarki, ya buɗe wa Tessa baki. Ki miƙa mata sabuwar takardar, ki miƙa mata biron.

Taki,
Anti Lorraine