Ruwan Tsamin Jummai

Damagaram, 1984

Baba Nomau,

Gaisuwa da ladabi. Ya gida, ya haƙuri da wannan fari? Ni ne Yohanna, ɗan amininka marigayi Amos.

Biro ɗinmu, wato ofishin da nake aiki, zai dasa itatuwa a bakin koramarku ta Durum, masu dashe kuma da gero za a biya su. Aikina lissafi ne: in auna tsamin ruwan yau, in hango ko ganyen da zai riƙa ruɓewa a ciki zai ƙara masa tsami har ya ɓata lambuna. In lissafi ya yi kyau, geron naku ne. Ga kwalba, a ciko mini ruwan, tsaminsa nake so in gani.

A gaida Inna Jummai.

Ɗanku, Yohanna

*

Yohanna,

Muna amsawa. Kai da ubanka dai ba ku rabo da abin mamaki, yau kuma tsami ake aunawa a biro! Ga kwalbarka. Gari duk ya ji labarin geron, masu shirin tafiya Kano sun kwance kaya.

Allah ya yi albarka.

Nomau

*

Baba,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace. Tunda nake aiki ban taɓa auna ruwa mai tsami haka ba. Lissafi ya nuna dashe zai kashe lambunanku. Darekta ya maida aikin garin Gaffati, kamiyo, wato motar geron, ya tafi jiya. Don Allah, a ina aka ɗebo ruwan nan?

Yohanna

*

Ɗana,

Ɗebowa kuma? Korama ta ƙafe tun bara, yashi ne zalla, na zaci ka sani. Da aka karanta mini takardarka sai na ce wa Jummai yaron nan ruwan tsami yake so. Ta jiƙa sauran dusar da muke lallaɓawa, ta bari ta kwana biyu don kada ka raina.

Ka yi wa darekta bayani.

Nomau

*

Baba,

Na yi. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce an riga an sauke geron a Gaffati. Laifina ne, ban tambayi halin da koramar take ciki ba. Kunya ta hana ni zuwa.

Yohanna

*

Yohanna,

Mutane sun sake ɗaura kaya. Ban gaya wa Jummai ba, kai ma kada ka gaya mata. Kullum tana tambaya ko tsamin ya isa, ko ta ƙara maka.

Ka huta lafiya.

Nomau