Masu Zuwa Barka

Litinin, 2 Satumba 2024, Gusau

Dakta Tajuddeen, abokin aikina, ya leƙo ofis yana washe baki: wasu masana a Kanada sun ambaci bincikena kuma. Wanda na yi a Tsafe da 'Yandoto, kan mutanen da suka dawo daga hannun 'yan bindiga. Na ce masa ai ba komai ba ne. Yana fita na duba waya sau biyu. Ina son ganin sunana, mene ne na ɓoyewa.

Lukuman har yanzu shiru. Ƙanena yana daji a hannun 'yan bindiga, ni ina nan ana ambato na.

Laraba, 4 Satumba, Bunguɗu

An sako shi. Alhamdulillahi. Ya rame, ƙafafunsa duk sun fashe.

Alhamis, 5 Satumba

Gida ya cika da masu zuwa barka da arziki. Baba Lawwali, ƙanen mahaifinmu, ya zaunar da shi a zaure. Duk ayarin da ya shigo sai ya ce, "Lukuman, ba su labari." Shi kuma ya faro daga inda aka tare motarsa. Ina tsakar gida ina ji. Muryarsa kamar mai karanta sanarwa.

Abin da na rubuta ke nan fa! Wanda aka sa ya yi ta maimaita wa baƙi labarin tun bai huce ba, shi ya fi daɗewa yana firgita. Mutanen Kanada sun sani, zauren gidanmu bai sani ba.

Asabar, 7 Satumba

Na yi wa Baba magana, kuma na ɓata ta da zafin kaina. Ya ce, "Ke Aziza, mutum ya tako tun daga Kwatarkwashi in ce mai mi? Su suka yi muna addu'a. Bokonki ya tsaya Gusau." Inno, mahaifiyarmu, ta ja ni ɗaki ta ce in bar shi, ba a kora baƙo.

Da gaskiyarsa ta wani gefen. Amma yaron nan ba ya barci, tuwo ma loma biyu yake yi.

Lahadi, 8 Satumba

Bayan la'asar Baba ya je kiransa, an yi baƙi daga Tsafe. Ya yi sallama a bakin ɗaki. Sallama kawai. Lukuman ya zabura ya shige bayan buhunan masara yana cewa, "Na faɗa muku duka, wallahi na faɗa."

Baba ya juya. Da kansa ya koma ya sallami baƙin.

Talata, 10 Satumba

Baba ya kira ni. Bai dube ni ba ya ce, "Takardan nan taki, mi ta ce?"

Sai na kama in'ina. Ashe ban taɓa faɗin ta da Hausa ba! Na ce a zo, a gaishe shi, a yi addu'a, a ci abinci tare, amma kada a tambaye shi. Ranar da ya so zai faɗa wa wanda ya so. Na ce kuma in firgitar ta ci gaba mu kai shi asibiti Gusau. Ya ce to.

Laraba, 11 Satumba

Baba ya kafa kujera a ƙofar zaure. Ina jin sa yana gaya wa mutane, "Ku shiga ku yi barka, ban da tambaya. Manyan likitocin Turai sun yi bincike, tambayar na taɓa ƙwaƙwalwa."

Likitocin Turai! Ni da na sha rana a 'Yandoto har takalmina ya tsinke. Raina ya ɓaci ƙwarai. Inno ta ce, "Da ya ce ɗiyar gidan ga ce, wa zai ji?" Na ƙi dariya.

Juma'a, 13 Satumba

Wani ya yi sallama ɗazu, Lukuman ya amsa da kansa. A hankali, amma ya amsa. Ya ci gasasshiyar masara biyu muna zaune gindin dalbejiya.

Ya ce, "Yaya, Turawan nan da Baba ke faɗi, ba su san ni ba, amma Allah Ya saka musu da alheri."

Har na buɗe baki. Sai na ce amin.

Tajuddeen ya turo saƙo tun jiya, wai akwai albishir. Zan duba gobe, ko jibi.